Yadda Aka Huda Tabkin Sa'a Maginiya

A garin Mai Nasara, wani ɗan ƙauye da ke gabas da Korgom a ƙasar Tasawa, in aka ambaci Sa'a maginiya, babban yatsan ƙafarta ake fara tunawa. Randunanta sukan zo daga baya, ko da yake har kasuwannin nesa an san su da sanyin ruwa.

Abin ya faru ne da rani, ƴan shekaru kafin Turawa su shigo ƙasar. Sa'a ta tafi tabkin garin, wanda ya ƙafe ya tsattsage, ta saro manyan curin yumɓu ta kawo gida. Ta zuba su a ramin da take jiƙo, ta kwara ruwa, ta bar su su yi laushi. Ranar kwaɓi ta tattare zane ta shiga da ƙafa tana tattakawa. Ashe cikin curi ɗaya akwai gaiwa, kifin nan mai jiki kamar maciji, wanda in ruwa ya janye yakan shige laka ya naɗe ya yi ta barci har damina. Gaiwa ta ji ruwa a jikinta, ta zaci damina ta sauka, ta farka da yunwar wata da watanni. Abu na farko da Allah ya nuna mata shi ne yatsan Sa'a.

Sa'a ta fito daga ramin da ƙafa ɗaya, gaiwa na reto a ɗayar. Ta ratsa tsakar gida tana tsalle, ta take kasko, ta ture ƴar akuya, ta faɗo ƙofar gida inda maza ke zaune suna tufkar igiyar kaba. Cikinsu har da mijinta Salifu, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa jin muryarsa daga bayan danga ba. Ya ɗaga kai ya dubi matarsa, ya dubi kifin, ya ce, "Yi a hankali, kada ki yarfe ta cikin ƙasa. Ta isa miya."

An yi miyar, ta kuma yi daɗi. Amma maganar nan Sa'a ba ta yafe ta ba har suka tsufa.

Sa'a mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, hannunta kamar na maƙeri. Fushi kuwa kusa yake da ita kamar zaninta. Ba ta gaba, ba ta ƙullin zuciya, faɗa ne kawai take yi a sarari, da safe da rana, da mutum da dabba, wani lokaci har da tukunyar da ta ƙi tsayuwa daidai. Gini ta gada wurin uwarta, uwarta ta gada wurin tata, dukkansu kuma daga tabki ɗaya suka ci abinci. Saboda haka in tana maganarsa ba ta cewa tabkin gari. Cewa take "tabkina", ba wanda kuma ya ga amfanin gyara mata.

Tabkin yana kwance ne a gindin wani tudun jigawa. Tsakanin tudun da bakin ruwa akwai ɗan kurmi mai duhu, sabara da geza da kalgo da bagaruwa sun sarƙe, gamba ta cika tsakaninsu. In an yi ruwan sama, abin da ya gangaro daga tudu sai ya ratsa kurmin nan kafin ya iso, ya bar yashinsa a gindin ciyawa, ya shigo a hankali. Ruwan kan zauna har sanyi ya wuce. Kwaɗi su cika shi, shamuwa da balbela su sauka kansu, daga nan su bi gonaki suna tsintar fara. Mata su ciro bado, maza su haƙo ƴan gaiwa da rani, kowa abin miyarsa.

Saboda ruwan nan ne kuma Illo, wani Bafulatani dogo mai son tsokana, yake sauka kowace kaka da shanunsa. Su bi burtalin da ya ratsa kurmi su sha, su kwana a gonakin da aka girbe su bar taki. Matansa su kawo nono, a ba su hatsi. Sa'a ma da nata rabon, don da busasshen kashin shanu take toya tukwane. Wannan bai hana ta faɗa da Illo ba. Shanunsa sukan bi ta ramin da take ɗibar yumɓu su tattake shi, ya daskare kamar dutse, sai ta yi da gaske dagi ke shiga.

"Kai Ɗan Fulani, dukan tabkin ga bai ishe su ba sai ramina?"

"Inna Sa'a, taya ki kwaɓi suke yi. Su ko kifi ba ya cizon su."

Haka suke kowace shekara, har mutane suka ɗauki faɗansu alamar kaka ta yi.

Sai wata shekara labari ya zo cewa mahara na tasowa daga gabas, sun ci wani ƙauye, sun kora mutane da dabbobi. Mai Nasara, mai garin, dattijo ne mai tsoron abin da zai taɓa jama'arsa. Ya ce a kewaye gari da kafi, a kafa itace jere da jere a cike da ƙaya. Itace mafi kusa kuwa shi ne na kurmin bakin tabki. Ba wanda ya yi gardama. Sa'a ma ba ta yi ba, don tana da ƴaƴa kamar kowa, har da kanta ta yi dakon ƙaya. Kafin wata ya mutu kurmi ya koma kafi, tudu ya tsaya tsirara yana kallon ruwa.

Maharan ba su zo ba. Ta wata hanya suka bi. Masu tsokana suka ce labarin bakin Sa'a ne ya riske su a hanya.

Da hankali ya kwanta, sai aka lura ƙasar da kurmi ya bari baƙa ce wuluk, ganye ya daɗe yana ruɓewa a kanta. Magidanta suka roƙi Mai Nasara ya yanka musu, ya yanka. Aka tone kututture, aka ƙone gamba. Salifu, wanda bai taɓa cin ribar sanyin halinsa ba sai ran nan, ya sami yanki mafi kyau, daidai inda burtali ya bi. Geron shekarar ya fi mutum tsawo. Gaskiya ita ce Sa'a ta ci tuwonsa ba ta yi wa kowa faɗa ba, har ta gina sabuwar tukunya babba domin shi.

A damina ta gaba ne ta fara ganin abin. Bayan wani ruwa mai ƙarfi ta gangara tabki, ta tarar da jan yashi ya miƙo daga tudu ya shiga ruwa kamar harshe. Ruwan sama bai sami abin da zai riƙe shi ba, ya yanko gonakin ya kawo su ƙasa. Kowace damina harshen nan ya ƙara tsawo da faɗi. Da, in ta sa dagi, yumɓu take tararwa nan take. Yanzu sai ta kwashe yashi har gwiwa, daga baya har ƙugu, abin da ta samu kuma a gauraye yake. Ta gina randa ta yi kyau a ido, in ta shiga wuta ta tsage.

Tabkin ya zama marar zurfi, rana na shanye shi da wuri. Bado ya ɓace. Shamuwa suka ragu, fara ta yawaita a gonaki. Illo ya sauka wata kaka, ya tarar burtali ya zama gona, sai ya kewaya da shanu ta nesa, ruwan kuma bai kai su ko'ina ba ya ƙare. Ya naɗe kayansa tun karan gero bai gama bushewa ba. Gonaki suka rasa taki, fura ta rasa nono, Sa'a ta rasa abin toyi. Ita kanta baƙar ƙasar da aka yi rububi a kanta ta koɗe, tunda rabinta ya riga ya gangara tabki.

Nan Sa'a ta mai da ƙofar gidan Mai Nasara wurin aikinta. Kowace safiya bayan ta share gida, sai ta ɗauki tsagaggiyar tukunya ɗaya ta kai masa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan ta ajiye ta gabansa.

"Ranka shi daɗe, ga gaisuwa."

"Sa'a, wannan ai a fashe take."

"Irin wadda tabkinka ke bayarwa ke nan yanzu. Ka sha ruwa ciki ka ji."

"Mi kike so in yi? Ni na aiko yashin?"

"Kai ka buɗe mai ƙofa. Kun sare, kun tone, kun ƙone, kun ci gero kun shafe baki. Yanzu kowa na wucewa yana kallon sama kamar ba shi ba. A kwashe mini yashin ga. A yashe tabkin, a mai da shi yadda uwata ta bar shi."

"Mijinki na cikin masu noman wurin."

"Shi ina da shi a gida, ranka shi daɗe. Yana jin nashi da safe da marece."

Tukwane suka taru a ƙofar Mai Nasara har kaji suka fara ƙwai a ciki. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya kira gayya a tsakiyar bazara, lokacin da tabki ya bushe ƙurmus. Aka dama fura, aka kira Auta makaɗi da gangar nomansa. Ranar ta faɗo daidai da kasuwar Korgom, Sa'a kuwa na da ƴan tukwanen da suka tsira daga wuta, gidanta kuma ba hatsi sosai. Ta tsaya bakin tabki da kaya a ka, ta ga samari sun jeru da hauya da kwanduna, ta ce musu su yi aiki kamar masu cin tuwo, ta wuce. Iyakar zurfin da za su tsaya ne kawai ba ta faɗa musu ba. Ba ta taɓa zaton akwai mai rai da bai san wannan ba.

Wanda ya san gayya ya san abin da ganga ke yi wa saurayi. Auta ya raba su gida biyu, ƴan gabas da ƴan yamma, ya shiga kiran sunayen iyaye da kakanni. Jan yashi ya tashi kafin rana ta take. Suka iso baƙin yumɓu, wanda nan ne aikin ya ƙare, amma ganga ba ta san haka ba. Wani ya sara, sai ga gaiwa a naɗe cikin kwanson lakarta. Aka yi sowa. Wani ya sake sara, ga wata. Daga nan aikin ya zama farauta, aka bi gindin tabki ana farfasawa, ana jefo gaiwa tudu, yara da mata na tarawa. A tsakiya kuma, inda ƴan gabas da ƴan yamma suka haɗu, ba wanda ya yarda ya fara ɗaga hauya. Suka ratsa yumɓun, wanda kaurinsa bai wuce tsawon hannu ba, suka faɗa wani farin yashi mai laushi da ke ƙarƙashi. Wannan ya yi musu daɗin haƙa. Suka yi ta yi har mutum ya tsaya ciki ba a ganin kansa, faɗinsa kuwa ya kai tsakar gidan mai iyali.

Da la'asar Sa'a ta dawo. Tun daga nesa ƙamshin gasasshen kifi ya tare ta. Da ta matso sai ta ga tarin yashi, ta ga launinsa. Ta sauke kayanta a hankali, abin da ba a saba gani ba. Samari suka taso suna murna, Auta ya juyo da ganga yana kiran sunan uwarta.

"Inna, zo ki gani. Bana ruwa sai ya shanye raƙumi."

Ta tafi bakin ramin ta leƙa. Ta ɗebo farin yashin ta murza a hannu. Sannan ta ɗauki tukunyar da aka kawo fura a ciki, ta juya ta, ta sa dagi ta huda gindinta, ta miƙa wa Mai Nasara a gaban jama'a.

"Ranka shi daɗe, a ɗebo mini ruwa da wagga."

Mai Nasara ya dubi tukunya bai karɓa ba.

"Tabki tukunya ne," in ji ta. "Baƙin yumɓun ga shi ne gindinshi. Ƙarƙashinshi rairayi ne har inda Allah ya sani. Ni da uwata da kakata daga gefe muke yagar shi kaɗan kaɗan, ba mu taɓa tsakiya. Ku kun zo da ganga rana guda kun huda shi. Ƙattin banza, ƙarfi kamar jakai, kai kamar turmi. Kun kuma tone gaiwar da ke barci kun cinye har iri. Wa zai haifa muku wata? Auta, in ka ƙara taɓa gangar ga sai na sa kanka cikinta."

Ta bi su ɗaya ɗaya, ba ta tsallake kowa ba. Salifu, da ke zaune gefe da kan gaiwa a hannu, ya ɓoye shi a bayansa. Mai Nasara ya bari sai da ta tsaya shan iska.

"Sa'a, wa ya ce a yashe?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Kullum kina ƙofata, a yashe, a yashe. An yashe. Da kin tsaya kin nuna musu, da ba ki tahi kasuwa ba."

Tsofaffi sun ce ran nan ne kaɗai aka ga Sa'a ta bar fagen faɗa tun ba a gama ba. Ta ɗauki kayanta ta shige gari. Wasu ma ba su yarda da zancenta ba, suka ce rami mai zurfi ai ruwa mai yawa ke nan, matar dai ba ta iya gode wa mutane ba.

Ruwan fari ya sauka bayan ƴan kwanaki. Ya taru a ramin har ya yi kyan gani. Washegari da hantsi sai damshi, kwaɗi na zaune a kan rairayi suna duban juna. Masu gardama suka wuce ta wurin da iri a ƙwarya, kowa ya sunkuyar da kai ya nufi gonarsa, don ranar shuka ba ta jiran kowa. In babban ruwa ya zo ya tarar da ramin nan a buɗe, duk abin da ya shigo ta nan zai zurare, garin ya wayi gari ba tabki, Sa'a kuma ba sana'a.

Ba ta je shuka ba. Ta tara matan da suka yarda, suka mai da farin yashi cikin rami. Ta kwaso yumɓun da ta tanada na shekara ta zuba a kai. Ta shiga rumfarta ta fito da ɗanyun tukwanen da ba a toya ba, randuna da tuluna da ta yi wata tana gini, ta farfasa su da taɓarya ta haɗa. Tana fasawa tana zagi, kowace tukunya da sunan wanda ta kira. Suka tattaro baƙin curin da samari suka watsar, suka rushe suri biyu na bayan gari suka ƙara da jar ƙasarsa mai danƙo. Suka yi ta jan ruwa a rijiya suna yayyafawa.

Sai dai zuba yumɓu ba shi ne liƙi ba. Sai an take shi ya haɗe ya zama jiki ɗaya, faɗin wurin kuma ya fi ƙarfin ƙafar mata. Sa'a ta tattaka har gwiwarta ta kumbura, ta duba ta ga ko kusurwa ɗaya ba ta gama ba. Tana zaune tana huci sai idonta ya faɗa kan tsohon raminta na gefe, wanda shanun Illo suka saba tattakewa. Ruwan fari na nan kwance a cikinsa, bai tafi ko'ina ba.

Da asuba ta kama hanyar arewa, wajen kwarin goruba na ƙasar Mayahi, inda aka ce Illo ya yi rani. Ta same shi da yamma a gindin wata aduwa yana gyaran igiyar maruƙa.

"Lale da Inna Sa'a. Shanuna ba su taka miki komi ba bana, ina da shaidu."

"Shi ya kawo ni. So nike su taka."

Ta gaya masa yadda aka yi. Illo ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya daina, don shi ma tabkin nasa ne ta wani gefen.

"Shanun sun rame, amma za su iya. Sai dai ta ina za su shiga? An yi shuka ko'ina. Burtalin ma an shuke shi."

"Gonar wa ke kan burtali?"

"Ta mai gidanki."

"To ta nan za su bi."

Salifu ya ji labarin ne a bakin gonar, lokacin da ya hango ƙahoni. Gero ya fara huda ƙasa, kore shar. Ya tsaya a gaban matarsa, karo na farko a zamansu.

"Uwar yara, wagga ita ce gonar da ta rage muna mai kirki. Mi za mu ci?"

"Ban sani ba, Malam."

"Tukwanen ma kin fasa."

"Na fasa. In tabkin ya tahi, baɗi ma ba mu da su, baɗin baɗaɗa ma haka. Gonar ga ta shanu ce tun ba a haife mu ba, aro muka yi. Matsa."

Salifu ya dubi geronsa. Sannan ya ɗauki hauyarsa ya koma gefe, ya juya baya don kada ya gani.

Dabarar tattakar ta Illo ce. Ya kafa turke a tsakiyar wurin ya ɗaure maruƙa, ya saki iyayensu. Shanu suka yi ta kewaya ƴaƴansu suna kuka, suna zagayawa, suna dawowa, kofato na nitsewa cikin yumɓu yana fitowa. In gefe ɗaya ya taku sai ya matsar da turken. Mata na zuba ruwa, Sa'a na bin bayan shanu da sanda tana soka ƙasa, inda ya shige da sauƙi ta ce a sake. Ta yi faɗa da Illo, ta yi da matan, ta yi da wata saniya mai taurin kai. Da yamma ta biyu wasu daga cikin samarin gayya suka zo a sace suka karɓi tuluna, ba ganga, ba magana. Ta gan su ta yi kamar ba ta gani ba, wanda a wurin Sa'a wannan babbar kyauta ce.

Babban ruwa ya zo bayan shanu sun fita. Tabki ya cika. Kowace safiya Sa'a ta gangara ta duba karan da ta kafa a bakin ruwa. Ruwan ya ɗan sauka, ya ɗan sauka, sannan ya tsaya. Da kaka Illo ya dawo ya tarar da abin shayarwa.

Tabkin dai bai koma yadda yake a da ba. Yakan kai farkon sanyi ya ƙafe, a zamanin uwar Sa'a kuwa har sanyi ya wuce yana nan. Shekarar gidan Salifu sun sha wuya, sun ci tafasa da ganyen yaɗiya fiye da yadda ciki ke so, sai ɗan abin da Mai Nasara ya aiko ba tare da saƙon komai ba. Gonar ba a sake nomanta ba. Sabara da kalgo suka tofo daga saiwar da ta tsira, gamba ta dawo, Sa'a ta zama mai gadinsu, duk wadda ta shiga da gatari ta ji sunan kakanninta. Amma maƙwabtan Salifu ba su bar nasu yankin ba, suna da bakunan ciyarwa su ma, yashi ya ci gaba da gangarowa ta wajensu. Da su ta yi ta faɗa har ƙarshen ranta, ba ta ci nasara ba, ba ta kuma gaji ba. Yumɓu kuwa ta daina taɓa na tabkin. Wani fadama mai nisa take zuwa ɗiba, ta dawo da kaya a ka tana ƙunƙuni tun daga bakin kafi, wanda gara ta riga ta cinye rabinsa.

Kwaɗi sun dawo, shamuwa ma sun ƙaru. Gaiwa ce ba a ƙara gani ba. Duk rani, in ruwa ya janye ya bar laka, akan hangi Sa'a ta tattare zane tana yawo a ciki a hankali, tana tura ƙafa nan da can. In an tambaye ta sai ta ce liƙinta take dubawa.

Wata kaka, bayan dukkansu sun tsufa, Illo ya sauka ya tarar da ita zaune a bakin tabki ta miƙe ƙafafu, tabon nan na nan a yatsan dama. Mata na wanki a gefe, sai ya ɗaga murya don su ji.

"Inna Sa'a, ina yatsan da kifi ya yi wa gaisuwa? An ce har yau in ya ga miya sai ya ɓuya."

Matan suka kwashe da dariya. Sa'a ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaga ƙafar hagu ta nuna masa.

"Yi dariyarka, Ɗan Fulani. Kai mai yawon duniya ne, in ka ga inda suka rage ka kawo mini guda mai rai. Ga na hagu nan, shekara da shekaru ina tura shi cikin lakar ga, ba wadda ta kula shi. Ranar da aka cije shi, randa kyauta zan gina maka."